Tomie Ta Riga Jarida Sani

Shekara talatin da ɗaya ina sayar da jarida a layin kasuwarmu, kuma zan faɗa ba tare da jin kunya ba: daga Nuwamba zuwa Fabrairu, rabin abin da nake miƙa wa mutane ƙarya ce. Da an buga wasan besbol na ƙarshe an kulle fili, sanyi ya taso daga teku, sai masu rubuta labarin wasanni su rasa abin cewa, su koma shaci-faɗi. Yau wai ƙungiyarmu ta Kaguwa za ta ɗauko wane. Gobe wai za a yi musayar wane da mutum biyu. Jibi wai an ga wane a tashar jirgin ƙasa yana cin taliya da wani mai kwat daga Tokyo. Mu kuma mutanen garin nan haka muke so. In an hana mu kallon wasa wata huɗu, to jita-jita za mu ci mu ƙoshi.

Gaskiyar kuwa tana nan jikin shagona, bangon katako ɗaya ne ya raba mu. Sunanta Tomie Hasunuma, 'yar ƙaramar tsohuwa mai gilashi a rataye da zare, wadda in ta zauna gaban keken ɗinkinta sai saman kanta kawai kake hangowa. Ita ce take ɗinka suna da lamba a bayan rigunan 'yan wasan Kaguwa, shekara talatin da huɗu ke nan. Kafin a fito da sabon ɗan wasa gaban masu ɗaukar hoto dole ya sa rigar ƙungiya da sunansa a baya, saboda haka kwana biyu ko uku kafin duniya ta ji, wata farar mota takan tsaya a ƙofarta, direba ya shiga da ƙunshi, ya rusuna ya fita. Wanda zai tafi ma ita take fara sani. Tun kaka take ɗinka rigunan baɗi, su kuwa manyan Kaguwa ba su san a yar da abu ba, sai su dawo mata da rigunan ta farke sunan, a ajiye wa wani.

Da ƙunshi ya shigo sai ta saki labule. Shi ke nan, layi ya rikice.

Babu irin bugun cikin da ba a yi mata ba. Mai kifi ya taɓa sa matarsa ta riƙa lura da yawan zaren da Tomie take saye. Fusako mai taliya, wadda shagonta ke fuskantar namu, ta rantse cewa in Tomie ta nemi a ƙara mata ƙwai a kwano to babban ɗan wasa ne zai zo, ta kuma yi shekara shida tana kan wannan ra'ayi duk da sau ɗaya kacal ya taɓa dacewa. Ni kaina na yi hunturu guda ina ba ta jarida kyauta. Ta karɓa, ta gode, ta karanta, wani lokaci in ji ta ta bango tana 'yar dariya ita kaɗai, amma ko da wasa ba ta taɓa cewa ga layin da ya ba ta dariya ba. In ka matsa mata da tambaya sai ta sa hannu a aljihun gaban rigarta ta miƙo maka alewa.

"Sha wannan, Shige-chan. Bakinka ya sami abin yi."

Shekarata sittin da shida, amma a wurinta har yau Shige-chan ne, kamar wani ɗan goye.

Daga wani ƙauye na kan dutse ta zo tana da shekara goma sha tara, ta koyi aikin zare a gidan masu ɗinka kayan biki, ta auri Genzo direban bas. Ba ta cika zuwa fili ba, wai hayaniyar tana sa mata ciwon kai. Amma ta san 'yan wasan nan fiye da kocinsu, don ta jikin tufafi take karanta su. Ta san wanda ya yi teɓa a hutu, ta san wanda matarsa ta daina kula da shi, ta san wanda yake ɓoye ciwon kafaɗa saboda yadda hammatar rigarsa take cinyewa ta gefe ɗaya. Duk wannan ma sai mutum ya yi ritaya da shekaru take yarda ta ambata.

Mijinta kuwa, abin ba a cewa komai. In da za a auna bakin da ya fi kowane sakaci a duk ƙasar Japan, Genzo Hasunuma zai zo na ɗaya, ya kuma ba da labarin yadda aka yi awon tun kafin a sanar. Tun yana tuƙin bas fasinja ke sauka da tarihin maƙwabtansa kaf. Da ya yi ritaya sai ya ba da ransa gaba ɗaya ga begila. Shi ne babban mai busa na 'yan goyon bayan Kaguwa, waɗanda ke tsayawa a kujerun can ƙarshen fili da ganguna da tutoci. Kowane ɗan wasa da waƙarsa, da ya ɗauki gorar dukan ƙwallo ya fito sai begila ta tashi, mutum dubu ashirin su amsa. Ranar da ya bar ƙungiya kuma waƙarsa ta mutu, ba a sake rera ta, ba a kuma ba wani.

A cikin waƙoƙin da Genzo ya tsara, wadda yake ji da ita kamar 'yar cikinsa ita ce ta Nagumo, mai lamba ashirin da bakwai, wanda yake tsugunawa bayan mai gora yana cafe ƙwallo. Shekara goma sha shida ana rera ta. Nagumo ba wani gwanin duka ba ne, gudu kuwa ko ni zan gwada da shi, amma ɗan garin nan ne, uwarsa tana sayar da busasshen kifi a bakin tasha, kuma sau biyu masu kuɗi suna kiransa yana cewa a'a. Yara a garin nan sukan iya waƙar Nagumo kafin su iya ɗaure igiyar takalmi.

Abin da ya fi ba ni haushi da Genzo shi ne yadda yake taƙama da shirun matarsa, sai ka ce shi ya yi shi. Ya zo ya jingina da teburina yana karanta jaridar da bai saya ba, ya buga ƙirji.

"Oka-san ko ni ba ta faɗa wa! Ni da muke cin shinkafa tukunya ɗaya! Ku je ku yi ta ƙirga ƙwai."

Haka suke kiran juna tun da suka haifi 'yarsu, shi ya ce Oka-san, wato Mama, ita ta ce Oto-san, wato Baba, kamar dai sauran tsofaffin layin.

To, a hunturun bara sai abin da ba a taɓa yi ba ya faru. Kaguwa, da muka saba a kwashe mata 'yan wasa, ita ce ta ɗauko Tachibana, babban mai dukan ƙwallo wanda kwantiraginsa ya ƙare da wata ƙungiya ta Tokyo, ya sami 'yancin zuwa inda yake so. Ranar da aka nuna shi da rigarmu jaridata ta ƙare kafin ƙarfe takwas na safe. Mun yi murnar kwana uku, sannan muka tuna da doka. Idan ka ɗauko irin wannan babban, ƙungiyar da ya bari tana da ikon zaɓar mutum ɗaya daga cikin naka a madadinsa. Ana ba ka damar killace mutum ashirin da takwas, ka rubuta sunayensu ka aika musu a asirce. Duk wanda ba ya cikin takardar nan ana iya ɗauke shi, kuma ba a neman yardarsa.

Nagumo yana da shekara talatin da bakwai, gwiwoyinsa kuma sun gaji.

Layin nan kaf ya koma rubuta sunaye. A bayan takardar nannaɗe kifi, a gefen jarida, a kan allon farashin Fusako, kowa da nasa ashirin da takwas ɗin. Ka sa matasa masu jifan ƙwallo, ka sa manyan masu duka, kafin ka ankara ka kai ashirin da takwas babu Nagumo, sai ka goge ka sake. Mai aski da mai kifi har suka daina gaisawa a kan wani yaro mai jifa da hagu. Genzo shi lamba ɗaya yake rubuta Nagumo, sauran ashirin da bakwai ɗin ko oho.

"Kai, Gen-san," in ji mai aski, "ai mutanen Tokyo ba za su ɗauki tsoho mai gurguwar gwiwa ba. Me za su yi da shi, gadin ƙofa?"

"Gwiwar tasa ta fi kanka aiki! Kuma ai shi ya sa nake tsoro, sakarai. Manyanmu ma irin tunaninka za su yi, su bar shi a waje."

Genzo ya rame a idonmu. Mutumin da ke cin kwano biyu ya koma barin rabi. Labari ma ya daina bayarwa, sai layin ya zama wani iri, har ni da nake ƙorafin surutunsa na ji babu daɗi.

Ranar Talata ta biyu a watan Janairu, dusar ƙanƙara na sauka, farar mota ta tsaya. Direba ya shiga da ƙunshi babba. Labule ya sauka.

Yanzu zan faɗi abin da na yi, kuma duk wanda zai zarge ni ya fara zama shekara talatin jikin bangon nan tukuna. Akwai wani wuri bayan tarin tsofaffin jaridu inda katakon ya ɗan tsage. Ba a ganin komai ta nan, amma ana ji. Ranar Talata na ji Genzo yana zagaye ta kamar kyanwa ta ga kifi. Bai tambaya kai tsaye ba. Wai ko ƙunshin da nauyi, ko ya taya ta buɗewa, ko rigar ta mai faɗin kafaɗa ce. Abin da ya tsinka min zuciya shi ne ban ji ƙarar keke ba, amma na ce wa kaina wataƙila aikin hannu take yi.

Ranar Laraba da tsakar rana ya daina kewaye-kewaye.

"Oka-san, shekara talatin da huɗu ban taɓa tambayarki ba."

"Ka taɓa. Sau da yawa."

"To, ban taɓa tambayarki da gaske ba. Yau ina tambaya. Ba na iya cin abinci, ba na iya zama. In shi ne, ki faɗa min in san abin da nake ciki. Ni fa mijinki ne, ba Shige mai jarida ba."

Wannan ta yi min zafi, amma ban ɗaga kunnena ba.

Sai na ji ta ajiye almakashi a kan tebur.

"Oto-san, ka san in na faɗa maka, kafin ka kai shagon Fusako rabin gari ya ji. Ba laifinka ba ne, haka aka yi ka. Ni kuma gobe in farar motar nan ta zo ba zan iya kallon direban ba. Sai in mayar musu da kayansu in rufe shago. Amma na gaji da ganinka haka, kana zuba min shinkafa a shara kana zaton ban gani ba. Bari shagon ya tafi. Zauna in faɗa maka."

Na ji kujera ta motsa. Na manna kunnena da katako har sai da ya yi min shaida a kumatu. Shekara talatin da ɗaya nake jiran wannan minti.

Sai begila ta fashe.

Ban san ko kun taɓa jin begilar da aka saba busa wa mutum dubu ashirin an busa ta a ɗan ɗaki, kunnenku a jikin bango ba. Na yi baya na faɗa kan jaridu, gilashina ya yi nasa wuri. Waƙar Nagumo ce, tun daga farko har ƙarshe, ya sake, ya kuma sakewa, sau uku, da ƙarfin da ban taɓa jin ya busa ba ko a ranar da muka kusa cin kofi.

Babu mai busa begila a watan Janairu. Kafin ya gama layi ya cika, mai aski da almakashi a hannu, wanda ake yi wa askin da ƙyalle a wuya, Fusako da ludayi. Suka dube ni, don kowa ya san bangon nan, ko da ba a faɗa. Ni kuwa, kunne na ƙara, kai na juyawa, na buɗe baki na yi wautar da za a binne ni da ita.

"Ta faɗa masa! Murna yake yi! Nagumo na nan!"

Wa zai yi musu? Ta ce zauna in faɗa maka, da kunnena na ji, sai ga waƙar mutumin tana tashi. Gari ya ɗauka. Fusako ta goge sunayen da ke kan allonta ta rubuta cewa duk wanda ya rera waƙar Nagumo za a ƙara masa ƙwai kyauta. Mai kifi ya karya farashin ƙaguwa, ya kuma tsallaka ya rungume mai aski. Wani ɗan jarida da ya yi mako yana shawagi a layin ya zo ya tsaya a teburina, ni kuma na gyara murya na yi masa bayani kamar da ni aka rubuta takardar. Washegari ga shi ɓaro-ɓaro a shafin farko: wata majiya ta kusa da ƙungiya ta tabbatar an killace Nagumo. Ni ne majiyar. Na yanke shafin na liƙa a bango, baki har kunne.

Da yamma aka ja Genzo zuwa shagon Fusako, aka zaunar da shi a tsakiya, ana ta bubbuga masa kafaɗa.

"Gen-san, faɗa mana yadda ta ce! Ɗan tsakura mana!"

Ya yi murmushi, ya ɗaga kofin shayi, ya ce taliyar yau ta yi daɗi. Aka yi ta dariya, wai Genzo ya koyi jan aji da tsufansa. Na lura bai gama kwanonsa ba, na ɗauka murna ce ta cika masa ciki.

Ranar Juma'a da ƙarfe uku na rana rediyo ya faɗa. Mutanen Tokyo sun zaɓi Nagumo. Suna da matasa masu jifa da yawa, wai suna son dattijon da zai tsuguna musu ya koya musu hankali. Aka nuna shi a talabijin da baƙar kwat yana rusunawa, ya ce ya gode da shekara goma sha shida, ya ce waƙar nan zai tafi da ita a kunnensa. Na yi kuka a cikin shagona, ba zan ɓoye ba. Rabi don Nagumo, rabi don na san abin da ke jirana a waje. Fusako ta aiko min da kwandon ɓawon ƙwai ba tare da saƙo ba. Mai aski har yau in na wuce sai ya ce, "Majiya, yau me ake ciki?"

Asabar da safe na ga labule a ɗage, na faɗa shagon ba ko gaisuwa. Suna zaune su biyu da butar shayi a tsakaninsu. A gefe ga riguna huɗu a ninke, bayansu fari fat, sai ɗan sawun allura in ka duba da kyau.

"Gen-san, ka kashe ni a garin nan! Wane irin mutum ne za a faɗa masa mugun labari ya ɗauki begila yana murna?"

"Wa ya ce maka murna nake?"

"Shige-chan," in ji Tomie, "kunnen ya warware kuwa? Na daɗe ina so in ce ka toshe tsagar nan, iska tana shigo min."

Na haɗiye wannan. Na zauna a kan ɗan benci, na tambaye ta abin da ya hana ni sakat tun Laraba.

"Tomie-san, don girman zumunci. Da bai busa ba, da gaske za ki faɗa?"

"Ai na faɗa."

"Kin me?"

"Na faɗa. Duka. Na ce sun ɗauke shi, na ce rigunansa ne nake farkewa, na ce shekara goma sha shida ina yi wa gwiwar wandon yaron nan faci biyu-biyu ba wanda ya sa ni. Har abin da ba a tambaye ni ba na faɗa. Na ji daɗin faɗar kuwa, ban san haka ake ji ba."

"To shagon fa? Kin ce za ki rufe."

"Wa ya ji?" Genzo ya taso min. "Kai ka ji? Kai da kunnenka ke cikin ɗakin ma ba ka ji ba, balle ni da begila a baki. Ko kalma ɗaya ban ji ba. Ina zama na ga ta cire gilashi za ta buɗe baki, na ce a raina, Genzo, abu ɗaya kake da shi na taƙama a duniya, shi za ka rusa don cikinka ya kwanta? Begilar ce kusa da hannuna."

Na dube shi, na tuna kwanon da bai gama ba a shagon Fusako.

"Amma ka sani. Tun Laraba ka sani."

"Shekara arba'in da huɗu ina kallon fuskar nan, Shige-chan. Sai an faɗa min?"

"Kuma ka zauna a tsakiyarmu, muna rawa muna cin ƙwai, ka bar mu muna hauka? Kai? Genzo?"

Ya sunkuyar da kai yana juya kofinsa.

"Kwana biyu kacal na riƙe," ya ce. "Kwana biyu, na ji kamar ƙirjina zai tsage. Sau uku ina shiga banɗaki in faɗa wa bango. Ita kuwa shekara talatin da huɗu, ga ni a gefe ina ta surutu, ban taɓa tambayarta ko da nauyi ba."

Ya miƙa hannu ya ɗauki butar ya zuba mata shayi, abin da tunda nake ban taɓa ganin ya yi ba. Bai iya ba, rabi a tebur ya zuba, har ya kusa jiƙa rigunan. Tomie ta janye su gefe, ta ɗauki kofin da hannu biyu ta sha.